Bucatini, taliyar Italiya mai huji a tsakiya: tambayoyi da amsoshi kan sunanta da yadda ake amfani da ita

Masu shiga manyan kantuna, da 'yan'uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai Italiya, da masu koyon girki ta bidiyo, sukan ci karo da wata taliya doguwa mai kama da sufageti, sai an duba bakinta a ga ashe huji ne ya ratsa ta daga wannan kai zuwa wancan. A jikin ledar an rubuta bucatini. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa a kanta.

Mece ce bucatini?

Busasshiyar taliya ce doguwa, tsawonta kamar na sufageti, wato wajen santimita 25, kaurinta kuma kusan milimita 3. Ba ƙwai a cikinta. Da ruwa da tsakin wata alkama mai tauri ake kwaɓa ta, wadda Italiyawa ke kira grano duro, ba irin fulawar da muke yin burodi da fanke da ita ba. Abin da ya raba ta da sauran dogayen taliya shi ne siririn hujin nan na tsakiya. Idan ka ɗaga guda ɗaya ka saita ta da haske za ka hango ɗan farin ɗigo a ɗaya bakin. An fi danganta ta da birnin Rum da yankin Lazio da ke kewaye da shi, ko da yake mutanen Napoli da na tsibirin Sisili ma abincinsu ce tun da daɗewa.

Me sunan yake nufi?

A harshen Italiyanci buco shi ne rami ko huji. Aikatau ɗinsa bucare, wato hudawa, abin da aka huda kuma bucato. Sai aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar -ini, wadda ke nuna ƙanƙanta da kuma jam'i a lokaci guda. Saboda haka bucatini na nufin 'yan ƙananan abubuwa masu huji. Guda ɗaya bucatino ne, amma ba mai faɗin haka sai in wasa yake yi, domin ba wanda ke dafa sili ɗaya.

Kalmar tana da 'yan'uwa a bakin Italiyawa na yau da kullum. Wanda kuɗi ba ya zama a hannunsa sai su ce yana da mani bucate, hannuwa masu huji, abin da mu za mu ce almubazzari ne ko hannunsa rariya. Wanda ya sha wahala bai samu komai ba kuwa sai su ce ya huda rami a cikin ruwa. Akwai kuma wani tarko: bucato ɗin nan dai shi ne kalmar da suke amfani da ita wajen wankin tufafi. Idan maƙwabciyarka a Italiya ta ce za ta je ta yi il bucato, ba girki za ta ɗora ba, wanki ne.

Yaya ake furta shi? Na ji wani yana cewa "bucatini" da c irin ta "cinya".

Wannan kuskure ne da rubutun Hausa ke jefa mu ciki, kuma ba laifin kowa ba ne. A wurinmu harafin c kullum sautin "ciki" da "cokali" yake bayarwa. A Italiyanci kuwa fuska biyu gare shi. Idan a, o ko u suka biyo bayansa, k ake furtawa. Idan i ko e ne suka biyo, to ya zama c ɗinmu sak. Don haka bucatini "bukatini" ake cewa, a ɗan ja gaɓar "ti". Mai son ya riƙe da sauƙi ya tuna da "buƙata", ya sassauta ƙ ɗin.

Da wannan ƙa'ida ɗaya sauran sunayen da za a gani a ƙasa duk sun warware. Perciatelli "percatelli" ne da c ɗinmu, domin i ɗin da ke tsakani ba a jin sa, aikinsa kawai ya tausasa c. Amatriciana "amatricana" ce. Idan suna son k a gaban i ko e sai su tsoma h a tsakiya, shi ya sa maccheroni ya zama "makkeroni".

Na sayi wata an rubuta perciatelli, amma da na buɗe sai na ga ita ce dai. An yi mini algus ne?

Ba a yi ba. Sunanta ke nan a Napoli da kudancin ƙasar. Perciato a bakinsu na nufin abin da aka huda, ma'ana ɗaya da bucato da aka yi bayani a sama. Wasu kamfanoni sukan yi perciatelli ta ɗan fi kauri, amma a tukunya aikinsu ɗaya. Italiya ba ta zama ƙasa guda ba sai a 1861, kuma kafin nan kowane yanki da nasa karin harshe da nasa sunayen abinci. Har yau siffar taliya ɗaya takan amsa suna uku ko huɗu gwargwadon garin da kake.

To ba makaroni ba ce kawai da aka bar ta da tsawo?

A kasuwanninmu rabon mai sauƙi ne: doguwa taliya ce ko sufageti, gajeriya mai rami kuwa makaroni ce, ko lanƙwasasshiya ko miƙaƙƙiya. A Italiya kalmar maccheroni ta fi haka faɗi. A kudancin ƙasar tsofaffi sukan kira kusan kowace busasshiyar taliya da wannan suna, doguwa ko gajeriya, mai huji ko marar huji. Mutanen Napoli sun rungumi taliya tun ƙarni na 17 har aka yi musu laƙabi da mangiamaccheroni, maciya makaroni. Ta wannan tsohuwar ma'ana, eh, bucatini ɗaya ce daga cikin dangin makaroni.

Amma idan ana maganar tukunya, kada a haɗa su. Gajeriyar makaroni raminta a buɗe yake, miya da 'yan gutsattsarin nama suna shiga su zauna. Hujin bucatini tsukakke ne ƙwarai, aikinsa daban, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi amfanin hujin.

Ita kalmar makaroni daga ina ta fito? Gaskiya ne Marco Polo ne ya kawo taliya daga Sin?

Masana harshe sun kasu kan asalinta. Wasu sun ce daga maccare ne, wato dakawa ko murƙushewa, saboda yadda ake danne kwaɓin. Wasu sun kai ta ga kalmar Girkanci makaria, wani abincin sha'ir da ake rabawa a wajen makoki. Labarin Marco Polo kuwa tatsuniya ce. Shi matafiyi ne ɗan birnin Venis, ya dawo gida daga Sin a 1295, alhali akwai takardar gado da aka rubuta a birnin Genoa a 1279 wadda ta lissafa kwando cike da makaroni cikin kayan da wani mamaci ya bari. Tun kafin nan ma, a 1154, masanin labarin ƙasa al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roger na Biyu a Sisili, ya rubuta cewa a garin Trabia kusa da Palermo ana yin wani abinci mai kama da zare da ake kira itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Kalmar ta yi yawo har ta bar kicin. Idan mutum yana gwamutsa harshe biyu yana karya nahawu, Italiyawa sukan ce yana magana maccheronico. Da za su ji Ingausar samarinmu, sunan da za su ba ta ke nan. A Ingila ta ƙarni na 18 kuwa, "makaroni" laƙabi ne na saurayi ɗan gaye wanda ya je Italiya ya dawo yana ƙwalisa fiye da kima.

Sauran masu ramin fa, su penne da rigatoni, sunayensu ma suna da ma'ana?

Kusan dukkansu siffa suke bayyanawa, kuma wanda ya gane ƙarshen kalma ya gama rabin aikin. -ini, -etti da -elli na nuna ƙarami, -oni na nuna ƙato. Spago igiya ce siririya, spaghetti 'yan igiyoyi. Canna kara ne mai rami, cannelloni manyan karare, su ne ake cusa wa nama ko cuku a gasa. Riga layi ne, rigatoni manya masu zane-zane a jiki. Ditale shi ne ɗan ƙoƙon ƙarfen da tela ke sa wa a yatsa, ditalini kuwa 'yan mitsi-mitsin da ake zubawa a romo ko cikin wake.

Penne ta fi burge ni, domin ma'anarta alƙaluma. Duk wanda ya taɓa fiƙe alƙalamin kara a makarantar allo, da ya ga yadda aka yanke bakinta a karkace zai gane dalili. Wani mai yin taliya a wajen Genoa, Giovanni Battista Capurro, shi ya yi rajistar injin da ke yanka ta haka ba tare da ya latse ta ba, a 1865. Ziti kuwa daga zita take, wato amarya a bakin mutanen Napoli, saboda ita ake dafawa ranar biki. Doguwa ake sayar da ita, a zauna a kakkarya da hannu kafin a zuba a tukunya. Akwai kuma paccheri, faffaɗa mai ƙaton baki, wadda sunanta a Napoli ke nufin mari.

Yaya ake yin hujin a abu siriri haka?

Ba huda ta ake yi bayan an gama ba, da hujinta take fitowa. Inji ne ke tura kwaɓin da ƙarfi ta cikin wani faifan ƙarfe mai ƙofofi, wanda suke kira trafila. A tsakiyar kowace ƙofa an kafa ɗan tsinken ƙarfe, kwaɓin ya zagaye shi ya haɗe ya fito kamar bututu. Daga nan a yanka, a rataye, a busar. Injin taliyar murji da matanmu ke amfani da shi a gida ba zai iya wannan ba, domin shi shimfiɗa kwaɓi yake yi ya tsaga shi.

Kafin injuna, da hannu ake yi, kuma har yanzu ana yi a ƙauyukan kudu. Mace za ta gutsiri kwaɓi kamar girman yatsa, ta ɗora siririn ƙarfe mai kama da tsinken saƙa a kai, ta murza da tafin hannu a kan katako sau biyu ko uku har kwaɓin ya naɗe ƙarfen ya miƙe, sannan ta zare ƙarfen da sauri, ramin ya zauna. Ƙarfen ferretto ne sunansa. A Sisili da Sardiniya sunan tsinken shi ne busa, daga nan aka samu busiate da maccarrones de busa.

Idan ka ga an rubuta trafilata al bronzo a leda, ana nufin faifan na tagulla ne. Taliyar da ta bi ta cikinsa takan fito da kaushi, fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, miya kuma ta fi kama ta. Wadda ta bi ta faifan Teflon, wato wani irin roba mai santsi, sumul take, rawaya, mai sheƙi, ta fi araha. In aljihu zai ɗauka, ta tagullar ta cancanci ƙarin kuɗin.

Mene ne amfanin hujin? An ce miya ce ke shiga ciki.

Haka ake ta faɗa, kuma akwai ƙamshin gaskiya, amma an zuzuta. Ka dafa, ka gutsura ɗaya a tsakiya ka duba: miya mai kauri ba ta wuce ɗan bakin nan ba. Abin da ke shiga sosai shi ne ruwan dahuwa da miya mai ruwa-ruwa. Babban aikin hujin a wajen nuna yake. Taliya mai kaurin milimita 3 da ba ta da rami, kafin cikinta ya nuna bayanta ya dagargaje. Da hujin, tafasasshen ruwa yana ratsa ta ciki da waje, sai ta nuna bai-ɗaya. Sakamakon shi ne taliya mai cika baki, mai ɗan tauna, amma ba nauyi kamar yadda ido ke zato. Wannan taunar ce masoyanta ke nema.

Da wace miya Italiyawa ke cin ta?

Amsar farko a Rum ita ce amatriciana: tumatir, barkono, cukun tumaki mai gishiri da ake kira pecorino, da guanciale, wato kumatun alade. Sunan miyar daga Amatrice ne, wani ƙaramin gari a kan duwatsu a lardin Rieti, wanda har zuwa 1927 yana cikin yankin Abruzzo. Tsohuwar siffarta ba tumatir, ana kiran ta gricia, abincin makiyaya ne. Abin dariyar shi ne mutanen Amatrice kansu da sufageti suke cin tasu, har allon shiga garin yana shelar haka, Rumawa ne suka ɗaura mata aure da bucatini. Girgizar ƙasar 24 ga Agusta 2016 ta rusa yawancin garin, mutane kusan 300 suka rasu a yankin, ana sauran 'yan kwanaki a yi bikin wannan abinci na shekara-shekara. Bayan haka gidajen abinci da dama a ciki da wajen Italiya suka riƙa ware wani abu daga kuɗin kowane faranti suna aikawa gudummawa. A 2020 Tarayyar Turai ta yi wa girkin rajista a matsayin abincin gargajiya mai kariya.

A Sisili kuwa ana haɗa ta da kifin sardin ɗanye, da wani ganye mai ƙamshi na dangin fenel da ke fitowa a daji, da zabibi, da 'ya'yan itacen fain, da za'afaran, a barbaɗa soyayyen garin burodi a kai. Sunan wannan pasta con le sarde.

Musulmi zai iya ci?

Ita taliyar kanta alkama ce da ruwa, ba abin tambaya. Matsalar a miya take. Guanciale da aka ambata a amsar da ta gabata kumatun alade ne da aka shanya da gishiri, kuma shi ne ginshiƙin amatriciana, da gricia, da carbonara mai ƙwai da cuku. Man da ya narke daga jikinsa ne ake soya komai a ciki, don haka tsame naman gefe ba ya raba ka da shi. Masu girki da yawa kuma sukan zuba farar giya a kaskon. Kalmomin da ya kamata mai zuwa gidan abinci ya haddace su ne guanciale, pancetta, lardo, strutto, prosciutto da maiale, duk alade ne ko kitsensa, sai vino wato giya. Ka tambaya kai tsaye, ba abin kunya ba ne, ma'aikatan sun saba.

A gida kuwa hanya a buɗe take. A yanka naman rago ko na sa mai kitse siri-siri, a sa a kasko ba mai, a bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har kitsen ya narke naman ya yi ƙaras-ƙaras, a zuba markaɗaɗɗen tumatir da attaruhu ɗaya. Ɗan Rum ba zai yarda a kira wannan amatriciana ba, kuma yana da gaskiya, amma bakinka ba zai yi ƙorafi ba. Miyar kifin Sisili ma ta dace, ko da da kifin gwangwani ne.

Yaya ake dafa ta?

Ma'aunin da Italiyawa ke bi shi ne lita ɗaya ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya, kuma giram 80 zuwa 100 ke isar mutum ɗaya a wurinsu, saboda wani abincin na biyowa baya. Sai ruwa ya tafasa sosai ake zubawa. Ba a karya ta, ba a sa mai a ruwan, ba a kuma ɗauraye ta da ruwan sanyi bayan an tace. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi wa masu girkinmu wuyar bari, amma sitacin da ake wankewa shi ne ke riƙe miya a jikinta.

Lokacin yana rubuce a leda, yawanci tsakanin minti 8 zuwa 11. A tsame ta saura minti ɗaya ko biyu, a juye cikin kaskon miya, a ƙara ludayi ɗaya na ruwan dahuwar, a yi ta juyawa har miyar ta kama. Abin da ake nema shi ne al dente, ma'ana haƙori ya ji ta, ba ta yi lugub ba. Wajen tacewa a girgiza matsamin da kyau, domin ruwa na maƙalewa a cikin hujin, in ba haka ba ya tsiyaye a faranti ya tsinka miyar.

Lambar da ke jikin leda fa, kamar n. 9 ko n. 15?

Lambar kamfani ce kawai ta tsara kayansa, ba ma'aunin ƙasa ba. Barilla na kiran bucatini ɗinta lamba 9, De Cecco na kiran tata 15. Sufageti a wurin na farko 5 ce, a wurin na biyu 12. Sunan za ka bi.

Me ya sa take da wuyar ci haka?

Saboda ba ta da ladabin sufageti. Kaurinta ya hana ta naɗuwa lif a cokali mai yatsu, bakinta sai ya fizge ya watsa maka jar miya a gaban riga. Zuƙo ta da leɓe ma ba ya yi, don iska ce kawai ke biyowa ta hujin. Dabarar ita ce a ɗebi sili biyu ko uku kacal daga gefen faranti, a naɗe a hankali, a sunkuya. A gidajen abincin Rum ba abin mamaki ba ne ka ga babban mutum ya soke adiko a wuyan riga kafin ya fara. Ranar da ka sa farar shadda, ka nemi rigatoni.

Zan iya yin dafa-duka da ita, ko in sa sufageti a madadinta?

Sufageti mai kauri zai tsaya a madadinta a kowace miya da aka ambata a sama, abin da za a rasa shi ne taunar. Dafa-duka kuwa tana yiwuwa, har ma a nan ne hujin ke shan romo da gaske, tunda a cikinsa take nuna tun daga farko. Sai dai tana shan ruwa fiye da taliyar da aka saba, kuma in aka bar ta a rufe bayan an sauke takan kumbura ta yi nauyi. A sauke da ɗan saura, a ci da zafi.

Da gaske ne ana shan lemo da ita?

An yi. Lokacin da aka fara yaƙi da tsinken roba na shan lemo a Turai da Amurka, wasu shagunan sha sun koma ba da taliya mai rami ɗanya a madadinsa, har aka samu kamfanonin da ke yin ta don wannan aiki kaɗai, da rami mafi faɗi irin na ziti. Bucatini ta gaske hujinta ya yi ƙanƙanta, sai ka ja har kumatu su gaji kafin ka samu kurɓi ɗaya. A cikin abin sha mai sanyi takan yi kusan awa kafin ta yi laushi, a mai zafi kuwa nan take za ta saki.

A 2020 ta yi ƙaranci a kantunan Amurka har jaridu suka yi ta rubutu a kai. Zaman gida na annobar korona ya sa jama'a sun wawashe taliya, kamfanoni suka mai da hankali kan siffofin da suka fi saurin fita da sauƙin yi, sannan hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta tsare kayan wani babban kamfanin Italiya saboda sinadarin ƙarfen da ke cikin bucatini ɗinsa bai kai adadin da dokarsu ta gindaya wa taliyar da aka ƙara wa sinadarai ba.